Ɗakin karatun da ke jin kunyar talla

Wani tsohon ɗalibina da ke shekarar ƙarshe a fannin noma ya zo hutu yana kuka da kuɗin fotokofi. Babansa ya sayar da tunkiya don ya gama rubutun kammala karatu. Na tambaye shi ko ya taɓa buɗe AGORA. Ya ce mene ne wannan? Shekara uku yana wuce ƙofar ɗakin karatun jami'arsu, ba wanda ya taɓa faɗa masa.

Uwaye, ku ji abin da ake nufi. AGORA rumbu ne na mujallun binciken noma a intanet, hukumar FAO ta buɗe shi a 2003. Akwai ɗan'uwansa na kiwon lafiya, Hinari, da hukumar lafiya ta duniya ta soma a 2002. Duka suna cikin shirin Research4Life, kuma Nijar na cikin ƙasashen da aka yafe wa biya. Jami'a ce ke yin rajista, a ba ta kalmar shiga, ita kuma ta raba wa malamai da ɗalibai. Dubban mujallun da jami'o'in Turai ke biya da tsada, ɗanka zai karanta kyauta. Ga kuma Persée, da Faransanci, wanda ko kalmar shiga ba ya nema.

To me ya hana a sani? Wani ma'aikacin ɗakin karatu ya taɓa ce mini su ba ƴan kasuwa ba ne, mai neman ilimi shi zai zo ya tambaya. Wannan magana ce ta girman kai. Yaron da ya fito daga ƙauye, bai taɓa jin sunan abu ba, ta yaya zai tambaye shi? Mai maganin basir a kasuwa ya san ya ɗaura lasifika a kan mota, amma mai riƙe da makullin ilimi ya manna takarda guda a bango, rana ta cinye rubutun, ya ce ya sanar.

Kada a fake da wuta ko tsadar intanet. Matsaloli ne na gaske, amma ɗalibin da ke da kuɗin kallon TikTok zai iya sauke maƙala. A shiga aji makon farko a nuna musu a salularsu. A tura saƙo cikin zaurukan WhatsApp na kowane sashe. Malamai kuma, mu daina karɓar aikin da ba a kawo ko maƙala ɗaya daga waɗannan rumbunan ba.

Uba, kafin ka kai wata tunkiyar kasuwa, ka ce wa ɗanka ya je ɗakin karatu ya nemi kalmar shiga. In an ce babu, ya tambayi dalili.