Daga Suez Zuwa Kadawa: Haƙawa Ba Ita Ce Wahalar Ba

A ranar 23 ga Maris 2021 wani jibgegen jirgin dakon kaya mai suna Ever Given, mai tsawon mita 400, ya gitta a mashigin ruwan Suez ya toshe shi ruf. Duk wanda ya ga hoton nan ba zai manta da shi ba: wata 'yar motar haƙa ƙasa, kamar tururuwa a gindin giwa, tana ƙwaƙular yashi a ƙarƙashin hancin jirgin, ɗaruruwan jirage kuwa sun yi cirko-cirko gaba da baya suna jira. Sai da aka kwana shida kafin a janye shi. A kwanakin nan ne mutane da yawa suka fara jin cewa kusan kashi 12 cikin ɗari na cinikin duniya ta wannan siririyar hanya yake ratsawa. Mun waiwayi wannan labari ne domin akwai abin da ya shafe mu a cikinsa, mu da ba mu da teku a kusa.

Da farko dai, hanyar ruwan da ɗan Adam ya haƙa da hannunsa hanyar sufuri ce. A Ingila, da aka buɗe ta Bridgewater a 1761, farashin kwal a birnin Manchester ya faɗo da kusan rabi, domin doki ɗaya da ke tafiya a gaɓa yana jan kwalekwale yana iya ɗaukar abin da dawaki masu yawa ba za su iya ba a kan tudu. A Amurka, hanyar Erie da aka buɗe a 1825 tana cikin abubuwan da suka ɗaga birnin New York sama da takwarorinsa. Sai jirgin ƙasa ya zo ya ƙwace musu kasuwa. Yau akasarin waɗannan hanyoyi wurin shan iska ne da yawon buɗe ido.

Manyan mashigai masu haɗa teku da teku su ne suka tsira, kuma tsirar tasu ta jawo wa masu su fitina. An buɗe Suez a 1869 ƙarƙashin jagorancin Bafaranshen nan Ferdinand de Lesseps, bayan an yi shekaru ana kwasar talakawan Masar aikin tilas. Ba a cika shekara bakwai ba bashi ya shaƙe sarkin Masar, Isma'il, ya sayar wa Birtaniya da hannun jarin ƙasarsa na mashigin a 1875 a kan fam miliyan huɗu. A 1882 sojojin Birtaniya suka mamaye ƙasar baki ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Da Jamal Abdul Nasir ya mayar da mashigin mallakar Masar a ranar 26 ga Yulin 1956, don ya samu kuɗin gina madatsar Aswan, Birtaniya da Faransa da Isra'ila sai da suka ɗauko makamai. A wancan zamani wanda ya riƙe mashigi ya riƙe maƙogwaron duniya.

To amma duniya ba ta jiran kowa. Yaƙin 1967 ya rufe Suez har tsawon shekara takwas, zuwa 1975, kuma a tsakanin nan masu jigilar man fetur suka ƙera manya-manyan jirage da za su zagaya ta kudancin Afirka su ci riba duk da nisan hanya. Abin ya sake maimaituwa kwanan nan. Tun daga ƙarshen 2023, da mayaƙan Huthi na Yaman suka fara kai wa jirage hari a Bahar Maliya, manyan kamfanoni suka gwammace ƙarin tafiyar kwana goma ko fiye. Ba wanda ya taɓa mashigin kansa. Fitinar tana can wajen Babul Mandab, kusan kilomita dubu biyu kudu da shi. Duk da haka kuɗin shigar Masar daga Suez ya faɗo daga sama da dala biliyan goma a 2023 zuwa kimanin biliyan huɗu a 2024.

Na Panama kuwa, wanda aka buɗe a 1914, ba bindiga ce ta durƙusar da shi ba. Jiragen da ke ratsa shi hawa suke yi daki-daki ta wasu ƙofofin ruwa, kuma kowane jirgi ɗaya sai an saki kimanin lita miliyan 200 na ruwan daɗi daga tafkin Gatun, ruwan ya tafi teku ba ya dawowa. Daga wannan tafki ne kuma jama'ar manyan biranen ƙasar ke sha. Da fari ya auku a 2023, dole hukuma ta rage yawan jiragen da ke wucewa a rana daga wajen 36 zuwa 24. Ƙasar da ke taƙama da injiniyoyi ta koma kallon sama tana jiran hadari, kamar manomin gero a Damagaram.

A ganinmu nan ne canjin yake. Da, abin alfahari shi ne an fasa dutse an haƙa rami. Yanzu darajar hanyar ruwa ta koma kan abubuwa uku da ba sa fitowa a hoton bikin buɗewa: ko akwai ruwan da zai bi ta cikinta, ko akwai zaman lafiya a kewayenta, ko akwai mai kula da ita. Ko a ƙasar Sin, tsohuwar Babbar Hanyar Ruwa da ta shafe ɗaruruwan shekaru tana kai hatsin haraji fadar sarki, yau wani ɓangarenta ruwan kansa yake kai wa arewacin ƙasar mai fama da ƙishi. Ruwan da a da aka ɗauke shi jakin dakon kaya, shi ne ya zama hajar.

Mu a wannan yanki tun asali ta wannan fuska muka san abin. Kakanninmu da suka nufi Makka a ƙafa, da yawa sun yada zango a Jazira ta Sudan, inda madatsar Sennar da aka kammala a 1925 ke tura ruwan Nilu cikin magudanai zuwa gonakin auduga, kuma zuriyarsu na can har yau. A gida, madatsar Tiga da aka gina zamanin Audu Bako, aka kammala a 1974, ita ce ta mayar da Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam ƙasar noman rani. Wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Kano a watan Janairu ya san abin da muke nufi: hunturu ya busar da komai, ƙura ta rufe sararin sama, sai kawai ka ga kore shar a gefen titi, ga alkama, ga shinkafa, ga kwandunan tumatir jere a Kwanar Gafan ana lodi zuwa Legas. Wannan duka albarkar ruwa ce da aka yi wa hanya.

Amma mu ma mun ɗanɗana irin ta Panama, tun kafin Panama. An kashe maƙudan kuɗi a shekarun 1970 kan aikin noman rani na Kudancin Tafkin Chadi, a yankin Marte, aka haƙa doguwar hanyar da za ta jawo ruwa daga tafkin. Kafin a ci moriyarta tafkin ya ja da baya ya bar ta a bushe, daga bisani rikicin Boko Haram ya kori manoman da suka rage. A dausayin Hadejia zuwa Nguru kuwa ciyawar kachala ce ta cushe hanyoyin ruwa, wani gari ambaliya ta cinye shi, na gaba da shi kuma yana neman ɗigo. Hatta a wuraren da aikin ke tafiya, manomin da gonarsa ke wutsiyar magudana ya san halin da ake ciki: yashi da leda sun cika ta, na sama ya fasa gefenta ya karkatar da ruwa da dare, shi kuma sai ya sayi fetur ya tayar da inji.

Shi ya sa muke ɗari-ɗari da zancen Transaqua, shirin nan na haƙa hanya mai tsawon kilomita 2,400 daga kogunan yankin Kwango zuwa Tafkin Chadi, wanda taron ƙasa da ƙasa da aka yi a Abuja a 2018 ya goyi bayansa. Ba ma adawa da ceto tafkin, kuma mun san miliyoyin rayuka sun dogara da shi. Sai dai aiki ne na gomman biliyoyin daloli, zai ratsa ƙasashen da su ma ba su zauna lafiya ba, masu ruwan kuma ba su ce sun yarda ba. Wanda ya kasa yashe rijiyar ƙofar gidansa, da wuya a ba shi amanar kogi. Mu kuma 'yan jarida ba mu wanke kanmu ba: mun fi son labarin aza harsashi da yanke ƙyalle a kan labarin lebura tsundum cikin laka yana kwasar yashi.

Muna kira ga Gwamnatin Tarayya da hukumomin raya koguna, musamman na Hadejia-Jama'are da Sakkwato-Rima da Tafkin Chadi, su ware wa yasa da gyaran ƙofofin ruwa kasafi na kansa a kowace shekara, a kuma bayyana wa jama'a kilomita nawa aka yashe da nawa aka kashe. Gwamnonin jihohin da ke cin amfanin ruwan su sa hannu a aljihu. Manoma su ma su biya kuɗin ruwa ta hannun ƙungiyoyinsu, su kuma tsawata wa mai fasa magudana ko da ɗan'uwansu ne. A yi wannan aiki tsakanin ɗaukewar damina da fara shukar alkama, kafin a saki ruwa.