Sin: Sola a Hannun Dama, Kwal a Hannun Hagu

Babu ƙasar da ta kai Sin ƙona kwal, babu kuma wadda ta kai ta kafa farantan sola da injinan iska. Fiye da rabin kwal ɗin da duniya ke ƙonawa a can ake ƙona shi, kuma kusan kashi 30 cikin ɗari na iskar kabon mai ɗumama yanayi daga masana'antunta da tashoshin wutarta da motocinta take tashi. Amma a 2024 kaɗai, wannan ƙasa ta ƙara farantan sola masu ƙarfin sama da megawat dubu 270. Wanda ya san cewa babban layin wutar Najeriya bai cika wuce megawat dubu 5 ba, zai gane nauyin wannan adadi.

Masu yabon Sin kan nuna sola su yi shiru a kan kwal, masu kushe ta kuma su nuna kwal su rufe ido a kan sola. A ganin wannan jarida, abubuwan biyu tushensu ɗaya: tsoron a wayi gari babu wuta, ko kuma makunnin wutar ya koma hannun wata ƙasa.

Sin ce ta fi kowa sayen ɗanyen mai a duniya. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na man da take sha daga waje yake zuwa, wajen ganga miliyan 11 a kullum, kuma akasarinsa a jiragen ruwa yake bi ta mashigin Malacca, ƙuntatacciyar hanyar da rikici ɗaya zai iya toshewa. Kwal kuwa yana ƙarƙashin ƙafarta, a Shanxi da Shaanxi da Mongoliya ta Gida da Xinjiang, inda take haƙo sama da tan biliyan 4 da rabi a shekara. Rana da iska su ma ba a shigo da su ta ruwa. Duk motar lantarki da ta hau titin Shanghai, ganga ce ta ragu daga abin da za a yi dako daga Gabas ta Tsakiya. Shi ya sa gwamnati ta yi shekara da shekaru tana zuba tallafi ga kamfanonin motocin lantarki da batura irin su BYD da CATL, har ta kai a tsakiyar 2024 fiye da rabin sababbin motocin da ake saya a ƙasar masu caji ne.

Ba tsaro kaɗai ya tura su ba, akwai kuma huhun jama'a. A sanyin 2013 hayaƙi ya lulluɓe Beijing har mutum ba ya hango ginin da ke tsallaken titi. Ƙorafin iyaye ya yi yawa, a 2014 firaminista Li Keqiang ya shelanta yaƙi da gurɓatar iska. Aka rufe tsofaffin tashoshin kwal na cikin babban birnin, aka sauya wa miliyoyin gidaje abin ɗumama ɗaki. A Satumban 2020 shugaba Xi Jinping ya shaida wa Majalisar Ɗinkin Duniya cewa hayaƙin ƙasarsa zai kai ƙololuwa kafin 2030, kafin 2060 kuma abin da take fitarwa ba zai wuce abin da take iya tsotsewa ba. Ya kuma sa burin kafa sola da iska na megawat miliyan 1 da dubu 200 zuwa 2030. An cika wannan buri a 2024, saura shekara 6 wa'adi ya yi.

To me ya hana a yi sallama da kwal? Shekara biyu ne suka razana hukumomi. A ƙarshen damunar 2021 farashin kwal ya yi tashin gwauron zabi, alhali gwamnati ta ƙayyade kuɗin wuta, sai tashoshi suka ga duk wutar da suka samar asara ce, suka rage aiki. A lardunan arewa maso gabas, Liaoning da Jilin da Heilongjiang, wuta ta ɗauke ba sanarwa. A birnin Shenyang fitilun ba da hannu suka mutu, motoci suka cunkushe. Shekara ta zagayo, a Agustan 2022, fari da tsananin zafi suka kama kogin Yangtze. Lardin Sichuan, wanda kusan kashi 80 cikin ɗari na wutarsa daga madatsun ruwa take, ya umarci masana'antu su tsaya na kwanaki, ciki har da na Toyota da Foxconn. A Chengdu aka rage fitilun tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa don a bar wa gidaje wutar sanyaya ɗaki.

Darasin da Beijing ta ɗauka shi ne kada a saki reshe a kama ganye: a gina sabo ya tsaya da ƙafarsa tukun, sannan a rushe tsoho. Daga nan izinin gina tashoshin kwal ya ɓarke, sama da megawat dubu 100 a 2022, haka kuma a 2023. Hujjar hukuma ita ce waɗannan tashoshi 'yan ko-ta-kwana ne, za su tashi ne idan rana ta faɗi ko iska ta kwanta ko ruwa ya janye. Tun farkon 2024 ma ana biyansu wani kuɗi don kawai su zauna cikin shiri.

Hujjar tana da ƙamshin gaskiya. Farantin sola ba ya aiki da dare, kuma hamadar da rana ta fi yawa tana yamma, masana'antu suna gabas. Sin ta shimfiɗa manyan layukan dakon wuta, kamar wanda ya tashi daga Changji a Xinjiang zuwa lardin Anhui, tafiyar sama da kilomita dubu 3, duk da haka wani lokacin wutar sola na yin yawa a rasa hanyar kai ta. Sai dai mu ba mu gamsu gaba ɗaya ba. Tashar kwal da aka gina bana za ta iya kai shekara 40 tana aiki. Akwai bankin da ya ba da bashi yana jiran kuɗinsa, akwai gwamnan lardin da ma'adinai ke ciyar da dubban ma'aikatansa, kuma duk cikinsu babu mai son ganin tashar a kashe. Saboda haka ma'aunin da ya dace a auna Sin da shi shi ne awa nawa waɗannan tashoshi ke ci a shekara, da tan nawa na hayaƙi ke fita.

A wannan ma'auni akwai alamar haske. Rabon kwal a wutar ƙasar ya sauko daga kusan kashi 80 cikin ɗari shekara 20 da suka wuce zuwa ƙasa da kashi 60, kuma masu bin diddigi sun nuna cewa hayaƙin ya daina hawa tun wajen farkon 2024. Amma alkawarin da Xi ya yi a Satumban 2025, na rage hayaƙi da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari daga ƙololuwarsa nan da 2035, ya yi kaɗan ga ƙasa mai wannan ƙarfi. Gaskiya ne Amurka ta fi kowa tara hayaƙi a sama idan aka bi tarihi, kuma Donald Trump ya sake janye ta daga yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi a 2025. Hakan bai wanke Sin ba. A yau hayaƙin da ke kan kowane ɗan ƙasar Sin ya zarce na ɗan Tarayyar Turai, don haka fakewa da sunan ƙasa mai tasowa ya fara tsufa.

Maganar ta shafe mu ta fuska biyu. Yankin Sahel bai ƙona abin a zo a gani ba, amma shi ke shan zafi da rikicewar damina. Ta ɗaya fuskar, Sin ke ƙera sama da kashi 80 cikin ɗari na farantan sola na duniya, kuma yawan da take ƙerawa ne ya karya farashinsu. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a 2023, mai kemis da ke son firjinsa ya kwana da sanyi, da mai cajin waya a bakin tasha, da mai noman rani da ya gaji da sayen man injin ban ruwa, duk sun koma neman faranti da batir. Haka kuma, tashar wutar lantarki ta Zungeru mai megawat 700 kamfanonin Sin ne suka gina ta da bashin Sin, kamar yadda kamfaninta na CNPC ya shimfiɗa bututun mai daga Agadem a Nijar zuwa gaɓar tekun Benin.

Muna kira ga Beijing ta sa ranar daina ba da izinin sababbin tashoshin kwal a gida, kamar yadda ta yi alkawarin daina gina su a waje tun 2021, ta kuma sa hannu sosai a asusun tallafa wa ƙasashen da sauyin yanayi ke yi wa ɓarna. Ga shugabanninmu kuwa, abin koyi a wurin Sin shi ne ta ɗauki wuta a matsayin lamarin tsaron ƙasa, ta tsara ta na shekaru masu yawa, ta gina layukan dako da masana'antun kayan aiki tare. Idan za a zauna ciniki da kamfanoninta, a sa sharaɗin haɗa farantai da batura a nan gida, a horar da matasanmu gyara, a kuma tsaurara bincike a tashoshin ruwa don kada a mayar da kasuwanninmu juji na jabun kaya. Idan aka tsaya a saye kawai, kuɗin da muke kashewa a waje kan fetur ne za mu koma kashewa a kan faranti da batir.