Tsakanin Kara da Haƙƙi: Shin Ya Kamata Mai Saye Ya Koka da Abincin Kasuwa?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Goronyo da Sabon Birni, ta ratsa Isa ta nufi Shinkafi, ya san cewa cikin matafiyi yana hannun mutanen bakin tasha ne, wato mai tuwo da mai masa da mai fura da nono da mai tsire da mai shayi. Galibinsu mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu. Amma kuma ba a rasa ranar da za a miƙo wa mutum tuwo da miyar da ta kwana ta yi tsami, ko nono wanda ruwa ya fi shi yawa, ko a dangwarar masa da kwano tare da baƙar magana. A irin wannan hali abin da Bahaushe ya saba yi shi ne ya tsakuri loma biyu, ya wanke hannu, ya biya kuɗi, ya tashi bai ce uffan ba. Tambayar da wannan maƙala ke son ta ɗora a gaban malamaina da 'yan'uwana ɗalibai ita ce: shin wannan shiru kirki ne, ko kuwa sakaci ne da muka sa wa rigar kirki? Ra'ayina shi ne akwai inda shirun ya dace, akwai kuma inda ya zama cuta ga mai saye da mai sayarwa da wanda zai zo bayansu.

Dalilin Shirun Bahaushe

Kafin a ga laifin mutum ya kyautu a san tarbiyyar da ta gina shi. Tun yaro yana ƙarami ake hana shi magana a kan akushi. In ya yaba abinci yana cikin ci, sai a yi masa dariya a ce santi ya ɗebe shi. In kuwa ya kushe, sai a ce ya raina ni'imar Allah, ya kuma ci mutuncin wadda ta sha hayaƙi ta girka. To, wanda aka toshe wa ƙofar yabo aka kuma toshe masa ta kushe, me ya rage masa ban da shiru? Daɗin daɗawa, malamai sun karantar da mu cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa aibata abinci ba. In ya so ya ci, in bai so ba ya bari. Wannan ladabi ya zauna daram a zukatan mutanenmu.

Har ila yau akwai kunya da kara da kawaici. A cikin laccarsa mai suna Mutumin Kirki, wadda aka buga a 1974, Kirk-Greene ya lissafa haƙuri da kunya da ladabi da kiyaye mutunci cikin halayen da Hausawa ke auna mutum da su. Namiji babba ya tsaya yana jayayya da mace a kan miya, a idon jama'a wannan zubar da girma ne, kuma za a ce kwaɗayi ne ya kai shi. Ai shi ya sa ake cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Sai dai mu tuna da irin zaman da ya haifi wannan ɗabi'a. A ƙauye kamar Bafarawa, a da, abincin saye daga gidan maƙwabta yake fitowa, yarinya ta ɗauko talla ta zaga unguwa. Mai saye ya san wadda ta dafa, wataƙila ma gwaggonsa ce ko matar amininsa. In furarta ta lalace, ba sai an faɗa mata ba, domin ƙwaryar da ta komo gida cike ta isa saƙo. Matafiyi kuwa a gidan mai masauki yake sauka, a kawo masa abin da ya sawwaƙa don karamci. Tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, motoci kuma suka biyo baya suna jigilar gyaɗa da auduga da mutane, sai aka sami sabon abu a ƙasar nan, wato mai ci da mai dafawa waɗanda ba su san juna ba, ba abin da ya haɗa su sai kuɗi. Zaman ya sauya, mu kuwa muka ci gaba da riƙe ladabin baƙo a inda muke masu saye.

Kyauta Daban, Ciniki Daban

A nan ne nake ganin muka cakuɗa abu biyu. Abincin da aka ba ka don Allah ko don zumunci, godiya ce kaɗai haƙƙinsa, ko da kuwa ba gishiri. Wanda ka sa kuɗinka ka saya ya shiga babin ciniki, shi kuwa ciniki yana da nasa hukunci. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a makarantar zaure ya san cewa an haramta algus da ɓoye aibin haja, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da aibi a cikinsa yana da zaɓin mayar da shi. Haka nan sanannen labari ne cewa Manzon Allah ya cusa hannunsa cikin tarin hatsin wani mai sayarwa, ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama, bai kuwa yi shiru ba, ya tsawata masa nan take. Ashe ke nan wanda bai taɓa aibata abinci ba shi ne kuma ya tona algus a tsakiyar kasuwa. Ladabi na farko ya shafi abin da rai ke so, na biyu ya shafi haƙƙin mutane, kuma babu karo a tsakaninsu.

Magabatanmu ma ba su bar kasuwa kara zube ba. A Daular Sakkwato akwai muƙamin muhtasibi, mai lura da mudu da sikeli da hana ha'inci. A tsarin sarautunmu akwai Sarkin Kasuwa, akwai Sarkin Pawa wanda alhakin naman da mahauta ke kasawa ke wuyansa. A zamanin En'e kuma an yi duba-gari, waɗanda tsofaffi ke ba da labarin yadda suke leƙa randuna da rumfunan abinci. Da kai kuka abin kunya ne a al'adarmu, da ba a naɗa waɗanda za a kai wa kukan ba.

Ita kanta Hausa ta bambance mana. Kushe daban, mita daban, tsegumi daban, gyara kuma daban. Mai kushe raina abu yake yi don ya nuna ya fi ƙarfinsa. Mai mita maimaita magana yake yi ba don a gyara ba. Mai tsegumi a bayan ido yake yin tasa. Mai gyara kuwa fuskantar mai abu yake yi ya nuna masa inda baraka take, kuma tuni Hausawa suka wanke shi da cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Aibi Iri Uku

A ganina aibin abincin saye ya kasu kashi uku, kowanne da hukuncinsa. Na farko shi ne na ɗanɗano: yaji ya yi yawa, daddawa ta yi kaɗan, tuwo ya yi tauri. Wannan bai cancanci magana ba, domin bakin kowa da abin da yake so, kuma wanda ya ba da kuɗin garau-garau bai kamata ya sa ran dafa-dukar gidan biki ba. Iya kuɗinka iya shagalinka.

Na biyu shi ne na ha'inci da wulaƙanci: a tsuga wa nono ruwa, a ɗumama naman jiya a ce na yau ne, a faɗa wa baƙo kuɗin da ya ninka na ɗan gari, ko a bar talaka tsaye a sallami mai babbar riga da ya zo bayansa. A nan mutum yana da haƙƙin ya yi magana, in kuma ya yafe don kansa, ya yi kyauta.

Na uku shi ne wanda ya taɓa lafiya: abincin da ya lalace, naman da ƙudaje suka yi wa rumfa, kwanukan da ake ta tsomawa a ruwa guda tun safe har la'asar. A wannan kam shiru laifi ne, domin haƙƙin ba na mai saye kaɗai ba ne da zai yafe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa kimanin mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 daga cikinsu kuma su rasu, kuma ƙananan yara ne abin ya fi yi wa illa. A 2021 annobar amai da gudawa ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, Jihar Sakkwato kuwa tana cikin waɗanda abin ya shafa. Ƙato mai ƙarfi yana iya cin miya mai tsami ya kwana da murɗar ciki kawai. Almajirin da za a juye wa ragowar, ko yaron da uwarsa za ta saya wa a bayanka, shi ba lalle ya tashi ba.

Hujjar Masu Cewa a Yi Haƙuri

Na san akwai masu cewa, wa za ka kai ƙara a wannan zamani? Hujjarsu kuwa tana da nauyi. Tun wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tayar da ƙauyuka da dama a ƙasar Isa da Sabon Birni, wasu suka tsallaka ƙasar Maraɗi wurin dangi, wasu suka taru a manyan garuruwa. Da yawa daga matan da ke suyar masa da ƙosai a bakin hanya sun baro gonakinsu ne, wasu mazansu sun rasu, kaskon nan shi ne gatan marayunsu. Ga kuma tsadar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wadda ta taɓa kuɗin mota da hatsi da man girki. Macen da ke sayen ruwa a jarka, ta sayi itace da tsada, yaya za a yi ta zubar da miyar jiya?

Na yarda da duk wannan, amma ina ganin hujjar ta fi ƙarfafa magana a kan shiru. Mu duba abin da shirun namu ke haifarwa. Mutum ya ci bai ji daɗi ba, bai gaya wa mai abinci ba, sai ya shiga mota ya gaya wa mutum goma. Gobe direba ya tsaya a wata rumfa. Baiwar Allah tana zaune tana ganin kasuwarta na mutuwa, ba ta san dalili ba, ƙila ma ta zargi maƙwabciyarta da yi mata asiri. Karar da muka yi mata a gaban ido mun rama ta ninki a bayan ido. Wanda ya gaya mata gaskiya tun farko shi ne ya tausaya mata, ko da ta ji zafi a ranar.

Yadda Ya Kamata a Yi Kukan

Abin da ke raba gyara da cin fuska shi ne yadda aka faɗe ta. Da farko, a yi maganar tun a loma ta ɗaya ko ta biyu. Wanda ya sharce kwano sannan ya ce miya ta lalace, kowa zai ɗauka kuɗi ne ba ya son biya. Na biyu, a matsa kusa a sassauta murya, a kira ta da sunan girma, kamar yadda Bagobiri zai ce, "Inna, sannu da aiki. Miyag ga kamat ta kwana, ki diba ta kahin wani ya ci." Da wuya macen da aka yi wa magana haka ta tayar da jijiyar wuya. Na uku, kada a huce a kan yaron da ke miƙa kwano ko yarinyar da aka ɗora wa talla, domin ba su suka dafa ba, kuma su ne za a daka in ciniki ya ɓaci. Na huɗu, in aibin ƙarami ne a biya kuɗin, don a san ba rowa ce ta kawo maganar ba.

In an faɗa sau ɗaya, sau biyu, ba a gyara ba, kuma abin ya shafi lafiya, sai a kai ga Sarkin Kasuwa ko Sarkin Pawa ko shugabannin tasha, daga nan sai sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Direbobi da 'yan kamasho su ne suka fi kowa iko a nan, domin matafiyi yau ya wuce ba zai dawo ba, su kuwa kullum suna wurin, kuma inda suka tsaya nan ciniki yake. Gwamnatin tarayya tana da hukumar NAFDAC tun 1993, an kuma sa hannu a dokar da ta kafa hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC a farkon 2019, amma tsakanin ofisoshinsu da rumfar mai tuwo a Isa akwai tafiya mai nisa. Dattijon kasuwa ya fi kusa, maganarsa kuma ta fi shiga.

Ina kuma jan hankalin 'yan'uwana ɗalibai game da ɗaukar hoton abincin mutum a watsa a Facebook. Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa ta fi kowace wuyar mayarwa. A 2023 wata mata a Legas ta rubuta ra'ayinta game da wani tumatirin gwangwani, maganar ta kai ta hannun 'yan sanda da gaban kotu. Babban kamfani yana da lauyoyin da zai kare kansa da su har ya wuce gona da iri. Mai tuwon tasha ba ta da kowa, hoto guda ya isa ya rufe mata rumfa ba tare da an ji ta bakinta ba.

Kammalawa

A taƙaice, ladabin da iyayenmu suka koya mana na kame baki a kan akushi yana nan da darajarsa a gida da wurin baƙunci da duk inda aibin bai wuce na ɗanɗano ba. Inda aka shiga ha'inci mutum yana da zaɓi, inda kuwa aka taɓa lafiyar jama'a magana ta zama wajibi, a yi ta cikin ladabi, a gaban mai abin, tun kafin wani ya cutu. Mu da ke nazarin harshe da al'adun Hausawa ya kamata mu riga kowa fahimtar cewa kunya da gaskiya duk suna cikin halayen mutumin kirki, kuma ba a umurce mu da mu yar da ɗaya don mu riƙe ɗaya ba. Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya ta hanyar da za ta karɓu, Ya kuma dawo da zaman lafiya a ƙasar Gobir baki ɗaya, amin.