Kare da tarkacen wasan yara

Karen da ke gadin garkenmu ba ya tauna abu sosai, haɗiyewa yake yi. Guntun ƙwallon roba, ƙafar ƴar tsana ko totuwar masara ba su narkewa a cikinsa, sai su toshe hanji. Kare ya yi ta amai, ya ƙi abinci, kashi ya tsaya. Cikin kwana kaɗan hanjin na iya ruɓewa, ya mutu.

Wasu na cewa ai kare ne, in ya ci ciyawa zai warke. Ba mu yarda ba. Kada mu ɗura masa mai ko kanwa. In zare ya leƙo ta duburarsa, kada mu ja, don yana yanka hanji. Mu kai shi wurin likitan dabbobi tun ranar. Da marece kuwa, yara su kwashe kayan wasansu daga tsakar gida.