Hujjar Da Ke Kulle Baki Da Hujjar Da Ke Nuna Gaskiya

Da sunan Allah muke farawa. Bayan haka, ya ku malamai da fatake, ga mas'ala wadda ta kamata mu tsaya a kanta: idan mutum ya kawo maka hujja har ka rasa amsa, alhali shi kansa bai gaskata abin da yake faɗa ba, shin ya wajaba ka bi shi?

Malaman manɗiƙi sun daɗe da warware wannan. Shehu Ahalari, mai littafin sallar nan da yaranmu ke karantawa, ya kuma wallafa Sullam a shekara ta 941 ta Hijira, inda ya kasa hujjar hankali gida biyar: burhani, jadali, haɗaba, shi'iri da safsaɗa. Mafi daraja shi ne burhani, domin da yaƙini ake gina shi. Shi kuwa jadali, da abin da ya shahara ga mutane ake gina shi, ko abin da abokin gardama ya riga ya sallama, ko da mai maganar bai yarda da shi ba.

Ga misali daga kasuwa. Dillali ya ji kana yabon goron Gwanja, sai ya ce maka, "Alhaji, ai kai ka ce duk goron Gwanja mai kyau ne. To, wannan huhun daga Gwanja yake. Ashe mai kyau ne." Surar ƙiyasin nan ba ta da aibi: in muƙaddamomin biyu suka tabbata, natija ta lizimta, ko wane ne ya faɗa. Amma duba kowace ɗaya. Ta farko daga bakinka ya aro ta, shi kuwa ya san sankara ba ta tambayar asalin goro. Ta biyu labari ce, ba ka da shaida a kanta sai amanarsa. Ya kulle maka baki, amma cikin huhu yana nan yadda yake.

Irin wannan shi malamai ke kira ilzami, kuma ba laifi ba ne in an bayyana shi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505, ya faɗa tun a gabatarwar Tahafutul Falasifa cewa rushe da'awar falasifa ya zo yi, kuma zai kama su da maganar ƙungiyoyin da shi ba mazhabarsu yake bi ba. Da yake ya faɗa a fili, ba wanda ya yaudara. Yaudara tana shigowa ne a lokacin da mai magana ya ɓoye cewa aro ya yi, ya sayar maka da ilzami a farashin burhani.

Kada kuma mu zarce iyaka mu ce duk hujjar da ta fito daga bakin wanda ba mu amince da shi ba ɓatacciya ce. Shehu Magili, wanda ya zauna Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Imamu Suyuɗi, wanda ya haramta manɗiƙi. Magili ya tsaya a kan cewa a karɓi daidai ko daga wa ya zo, a auna mutane da gaskiya, kada a auna gaskiya da mutane. Kafiri in ya ce biyu da biyu huɗu ne, kafircinsa bai rage ko ɗaya ba.

Saboda haka ma'auni biyu ne, kada a cakuɗa su. Surar hujja, hankali ke aunawa, ba ruwansa da zuciyar mai magana. Labarin da ke cikinta kuwa, da adalcin mai kawo shi ake aunawa, kamar yadda alƙali ke tazkiyar shaidu.

Shawararmu ga mai sauraro, a zaure ne ko a kasuwa ko wurin lacca, ya riƙa yin tambaya uku: Wace muƙaddama ce taka, wace ce ka ara daga gare ni? Wace ce labari, kuma wa ya kawo shi? In ciniki ya juya, kai ne mai saye, za ka biya kuɗinka a kan wannan hujja? Wanda ya yi inda-inda a ta ukun, a kwance huhun a gabansa.

Mu kuma malamai, nauyin ya fi yawa a kanmu, domin almajiri ba ya iya rarrabe abin da muka ƙudurta da abin da muka faɗa don kayar da abokin gardama. In ilzami muke yi, mu ce ilzami ne. Allah shi ne mafi sani. Wassalamu.