Ranar Da Na Yi Sallah A Zaune



Ya 'yan uwa, makonni uku da suka wuce na sunkuya, gwiwoyina a miƙe, na sungumi jarkar ruwa mai lita 25. Nauyin kilo 25 ke nan na ɗora wa ƙuguna. Nan take na ji wani zafi ya tsarga mini. Likita ya ce tsoka ce ta ja, ƙashi lafiya lau. Da jijiyar da ke ɗaure ƙashi da ƙashi ce ta ji rauni, da an kira shi targaɗe.

Ciwon da sauƙi. Abin da ya dame ni shi ne halin da na gano a zuciyata. Kwana biyu na yi ina ruku'u da sujada ina cije leɓe, don kada a ga matashi kamata a zaune a gefen sahu tare da dattawa. Ko abin da liman ya karanta ban iya tunawa ba. Na ɗauka juriya ce, alhali kunyar idon mutane ce tsagwaronta.

Imamul Bukhari ya ruwaito cewa Imrana ɗan Husaini (RA) ya yi fama da basir, sai Manzon Allah (SAW) ya umarce shi da yin sallah a tsaye, in ya kasa ya zauna, in ya kasa ya kishingiɗa a gefensa. Shi kansa Annabi (SAW) ya faɗo daga kan doki, gefensa na dama ya ƙuje, ya ja sahabbai sallah a zaune. To wane ne ni da zan ji kunya?

Sai dai rangwamen ba izinin kwanciya ba ne. Likitan ya hana ni lafewa a gado, domin tattaki kaɗan-kaɗan ya fi saurin warkar da irin wannan rauni, kuma galibi cikin 'yan makonni yake wucewa. Na koyi durƙusawa kafin ɗaukar kaya. Na kuma rage duƙar da kai a kan waya, kai mai nauyin kusan kilo 5 a bisa ƙasusuwan wuya bakwai.

Amma wanda ƙafarsa ta mace, ko ya kasa riƙe fitsari, ko haɗari ne sanadin ciwon, kada ya tsaya wajen mai ɗori. Haka wanda wuyansa ya sanƙare tare da zazzaɓi, don yana iya zama sanƙarau. Asibiti za a nufa a ranar.

Wassalam.