Shari'ar Riƙon Yara: Takarda Ta Fi Dogon Bayani

'Yan'uwa mazauna Kudu, idan aure ya mutu aka kai maganar riƙon yara gaban alƙali, da yawa daga cikinmu mukan je da baki kawai. A ra'ayina wannan sakaci ne, kuma yara ne ke shan wahalarsa.

A fiƙihun Malikiyya uwa ce ta fi cancantar riƙon yaro har ya balaga, yarinya kuwa har ta tare a ɗakin mijinta, ciyarwa kuma tana kan uba. To amma jihohin Kudu ba su da kotunan Musulunci na gwamnati irin na Arewa. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda Jihar Legas ta kafa irin tata a 2007, ta sa maslahar yaro gaba da komai. Alƙali zai tambayi wa ke ciyar da shi, wa ke biyan kuɗin makaranta, ina zai kwana. Amsar tana bukatar shaida.

Saboda haka a tanadi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da katin rigakafi da na asibiti, da rasit na kuɗin makaranta har da na Islamiyya, da sakamakon jarrabawa, da takardar saki, da rasit na kuɗin haya. A yi wa kowace hoto, a adana ta ainihi. A samu littafi a riƙa rubuta ranar da aka kawo kuɗin abinci da adadinsu, da ranar da aka zo ganin yaro. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ya sa amintacce ya rubuta masa. Wanda ba ya jin Turanci ya nemi tafinta wurin rijistara tun kafin ranar zama.

Wasu na cewa kai ƙara tonon asiri ne, a bar wa Sarkin Hausawa da malamai. Sulhu alheri ne, amma shi ma a rubuta shi, shaidu su sa hannu. Sannan kada wanda ya ɗauke yaro ya tura shi gida Arewa alhali shari'a na gudana, domin hakan na iya ɓata masa hujja. Mai ƙaramin ƙarfi ya tuntuɓi Hukumar Ba da Agajin Shari'a.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya shirya mana zuriya, amin.

Sakataren Ƙungiya